Ihun da Na Yi a Gonar Alkama

Nana, Abdu, labarin ihun da na yi a gonar alkama kun ji shi har kun haddace, amma daga bakin uwarku kuka ji, ita kuwa ba ta ba da labari sai ta zuba masa yaji. A wajenta ihun ya fasa gilashin mota, wata tsohuwa kuma ta suma. Ba gilashin da ya fashe, tsohuwar kuwa zama ta yi a ƙasa don ra'ayin kanta. Yanzu da gemuna ya yi fari, likita kuma ya fara yi mini magana da lallashi, na ga gara in rubuta muku abin yadda ya faru, har da wajen da ba a faɗa in an taru cin naman Salla.

Ku fara da sanin cewa ubanku ya yi ƙarya, kuma ya yi kiwonta shekara tara. Ranar da na je neman auren uwarku a Maradi, na tarar da zaure cike da alhazai, kowa na ƙamshin turare, kowa ɗan wane ne jikan wane. Aka tambaye ni sana'ar mahaifina. Kafin kaina ya yi shawara bakina ya riga ya ce malami ne. Baba kuwa mafarauci ne, shi ne Sarkin Dawan ƙauyenmu can gabas da Damagaram, mai karnuka bakwai da wata riga da ake jin warinta kafin a hango mai ita. Karatunsa bai wuce abin da zai yi salla da shi ba. Da na koma na faɗa masa abin da na aikata, ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce to. Ya ari rawani ya je ɗaurin aure, ya zauna bai ce uffan ba daga farko har aka shafa Fatiha, mutanen Maradi suka watse suna cewa kai, wannan malami akwai zurfi.

Na zaci magana ta ƙare a nan. Ina! Muna isowa Faransa uwarku Rakiya ta ɗauki surukinta ta ɗora a ka. Duk wanda zai tafi gida sai ta ba shi saƙo ya kai wa Malam: yau tasbaha, gobe yadin rawani, jibi tabarau na karatu. In mun je hutu kuwa a birnin Damagaram nake sauke ta gidan wana, Baba ya zo ya same mu can da rawaninsa, in ce mata hanyar ƙauye ba ta biyuwa. Sai kuma Kawunta, Alhaji Sanusi, wanda ke aiki a wata babbar ƙungiya ta duniya a Paris, ya shigo cikin lamarin. Wata shekara ana jan ƙafa wajen ƙara masa girma a wurin aiki, ya kira ni ya ce in gaya wa Malam a sa shi a addu'a. Na gaya wa Baba ina gumi. Baba ya ɗauki goro ya kai wa Limamin ƙauye. Wata biyu ba a yi ba aka ƙara wa Kawu girma. Shi ke nan na shiga uku. Daga ranar, ko ciwon haƙori ya kama wani ɗan Nijar tsakanin Paris da Bobigny, sai wayata ta yi ƙara.

Shekarar da nake ba ku labari muna zaune a Villeurbanne, gefen birnin Lyon, ɗaki biyu a hawa na huɗu, taram, jirgin ƙasa na cikin gari, na wucewa ƙarƙashin taga. Na gama karatun injiniyan saƙa da yadi, difloma na hannu, amma takardar zamana ta ɗalibi ce, kuma za ta mutu ƙarshen bazara. A biro, wato ofishin takardun baƙi, an gaya mini a fili: ko in kawo kontira ta aiki na dindindin, ko in tattara iyalina in koma. Ke Nana kin fara lakwal, wato makaranta, kai Abdu kana goye. Na rubuta wasiƙun neman aiki har yatsana ya yi kanta. Mutum ɗaya ce ta amsa, wata dattijuwa mai suna Madam Kolet, mai ƙaramar masaƙa a bayan garin Lyon. Na je da kwat da lakataye ɗaure a wuya. Ina buɗe ƙofa wani jan kare ya taso ya ɗora mini ƙafafu a ƙirji.

“Kana tsoron kare?” in ji Madam Kolet, sigari a baki.

Na ce, “A ƙasarmu ba mu saba da su ba, Madam.”

Allah Ya yafe mini. Ni da na yi rarrafe a tsakiyar karnuka bakwai.

Ta bayyana mini aikin. Ashe Turawa gasa suke yi ta karnukan farauta, da alƙalai da kofi da komai. Ana sakin karnuka biyu a gona, kowanne da mai riƙonsa yana biye. Kare zai yi ta zarya hagu da dama yana shinshina iska, in ya ji ƙamshin fakara sai ya ƙame cak, ƙafa ɗaya a sama, har mai shi ya iso. Tsuntsuwa ta tashi, a harba bindigar da ba harsashi, kare kuma kada ya motsa. In ya bi ta, an fitar da shi. Na saurara ina mamaki a zuci, don a garinmu karen da ya ga nama ya tsaya yana kallo, ranar ba shi da tuwo. Wata ƙungiya ta masu riƙon karnuka, su goma sha biyu, ta nemi Madam ta haɗa musu kaya iri ɗaya: riga, takalmi, igiya, usur na kiran kare, da sauran tarkace. Ni zan zaɓa. Za su gwada kayan a babbar gasar bazara. In sun karɓa, masaƙa ta samu aikin shekaru, ni kuma na samu kontira. In sun ƙi, ta ce, to sai dai mu yi musafaha.

Da na koma gida uwarku ta tambaye ni wane irin aiki ne. Na ce kayan 'yan wasa ne. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, kuma a lokacin na riga na ƙware a irin wannan magana. Kullum kafin in hau taram sai in tsaya a tasha in karkaɗe wandona, amma gashin kare ba ya jin karkaɗa. Wata rana tana wanki ta ɗago wandon a gaban fitila.

“Baban Nana, mi ne ne wanga? Waɗanne irin 'yan wasa ne masu zubar da gashi haka?”

Na ce zare ne na gwaji, sabon fitowa. Ta ce zaren ma wari gare shi.

Na shiga zaɓen kaya da girman kai irin na mai sabuwar difloma. Na yi mako uku a labo, ɗakin gwaje-gwaje, ina auna yadi, ina zuba masa ruwa, ina ja har ya yage, ina rubutawa. Na zaɓi wata riga ta roba mai sheƙi wadda ko kogi ka faɗa da ita ba ka jiƙewa. Na zaɓi usur na ƙarfe guda goma sha biyu, duk ƙira ɗaya, wanda na'ura ta nuna ya fi kowanne ƙara. Na haɗa da igiya mai maɓalli da ke naɗe kanta. Sannan na ƙara da safar hannu mai kauri har gwiwar hannu, na rubuta a takarda wai don kariya daga ƙaya. Gaskiyar magana ni ne zan nuna yadda ake sa kayan, kuma ɗan malam bai kamata a gan shi da yawun kare a hannu ba. Kun ga inda ƙarya take kai mutum: har ni kaina na fara yarda da ita.

Muka fita gwaji wata safiya mai sanyi a wasu filaye arewa da Lyon. Shugaban masu riƙon wani tsoho ne, Rene, gajere mai jan hanci, da ƙaramin karensa Filu, fari mai ɗigon baƙi, wanda yake ji da shi fiye da 'ya'yansa, shi ma da bakinsa ya faɗa. Suka sa kayana suka jeru, sai sheƙi suke kamar sababbin bokitai. Rene ya nufi motarsa zai fito da Filu. Filu ya dube shi, ya shinshina, ya ja da baya, ya kama yi masa haushi. Mutumin da ya raine shi tun yana jariri! Da ƙyar aka lallashe shi. Aka saki karnuka, masu riƙo suka bi baya, rigunan nan suka ɗauki ƙaras-ƙaras, ƙaras-ƙaras, fakarun da ke ƙarshen gona suka tashi tun ba a kai rabi ba. Wani ya so sakin karensa, kaurin safa ya hana shi danna maɓallin igiya, kare ya fizga, mutum ya bi shi da ciki a cikin taɓo. Amma abin da ya gama da ni usur ne. Mutum ɗaya ya busa, karnuka duka suka juyo suka nufo shi. Wani ya busa daga can, suka kwasa suka koma. Kowa ya shiga busa don ya ƙwato nasa, karnuka na ta kai da kawowa a tsakiya, har wata karya ta gaji ta zauna ta ɗaga kai sama ta fashe da kuka.

Rene ya tuɓe rigar ya ninke ta da kyau, ya miƙo mini.

“Injiniya,” ya ce, “ka taɓa ganin kare kuwa, ko a hoto?”

Madam Kolet ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. A mota ta ce saura mako biyar gasa, ta roƙe su sun yarda a sake gwadawa sau ɗaya. Na dawo gida. Na kalli uwarku tana yi wa Nana kitso, na kalli akwatunanmu a saman kabad. Abin haushin shi ne tun muna filin nan na san inda kuskuren yake, hancina ya sani, kunnena ya sani. Kuma na san mutum ɗaya tak a duniya da zai warware mini shi dalla-dalla, shi ne mutumin da na naɗa wa rawani na rufe masa baki.

A lokacin waya ɗaya ce a ƙauyenmu, a shagon Malam Idi. Sai ka kira ka ce a nemo maka wane, ka sake kira bayan la'asar. Na fita can bakin tasha inda uwarku ba za ta ji ba. Muka gaisa da Baba, ya tambayi iyali, ya tambayi sanyi, sannan ya ce in dai addu'a ce Liman ya yi tafiya. Na ce ba addu'a ba ce, wani abokina ne Bature ke da matsala da karnuka. Ya ce in faɗi matsalar abokin nawa. Na faɗa masa komai. Da na kai wajen usur, sai na ji wata irin dariya da na yi shekaru ban ji ba, har da tari.

“Kai Mutari! Abokin nan naka ya yi karatu da yawa ko?”

Na ce ya yi.

“Na ji alama. To gaya masa, kare ba ya sanin ubangijinsa da ido, da hanci yake saninsa. Sabuwar riga ba a kai ta daji. A ba mai ita ya sa ta kwana bakwai, ya yi gumi a ciki, sannan a shimfiɗa wa karen ya kwana a kai. Kada mace ta kusance ta da sabulu. Yadin kuma ya zama mai laushi, wanda in ka ratsa ciyawa ko kai ba ka jin kanka. Hannu a bar shi tsirara, da hannu ake yi wa kare magana. Igiya kuwa zarge ɗaya ake yi mata, yadda ja ɗaya za ta sake, don nama ba ya jiran ka kwance ƙulli. Abin busa kuma, haba Mutari, haba! Ka taɓa jin ƙahona ya yi murya ɗaya da na abokin farautata Ɗan Tani? Kowa da nasa, karensa kuma ya san shi ko cikin mutum ɗari.”

Ya yi ta zuba. Ya gaya mini inda ake ɗinka aljihun ruwa don kada gora ta yi ta dukan cinya, ya gaya mini takalmin da ya fi ƙafa nauyi na mai tsaron gona ne, ba na mai bin kare ba. Katin wayata ya ƙare, na sayo wani na sake kira, na tarar yana tsaye bai gusa ba, ya ɗora daga inda ya tsaya. Ina jin Malam Idi daga gefe yana cewa Sarkin Dawa a bar wa mutane layi. Ni kuwa ina ta rubutu a bayan takardar taram, ina duba agogo, hankalina duk yana kan kontira. Da na samu abin da nake so na ce masa sai an jima.

Mako biyar ɗin nan ban zauna ba. Na samo yadin auduga mai kauri da aka shafa wa kakin zuma, launin ƙasa, ba ya ƙara kuma ruwa na zamewa a kansa. Na jefar da safar hannu. Na sa aka murɗa igiyoyi masu zarge ɗaya. Madam Kolet ta tuna da wani tsoho a kan duwatsu mai sassaƙa usur da ƙahon sa, muka je na zauna ina busa su ɗaya bayan ɗaya har leɓena ya kumbura, na ware goma sha biyu da ba wanda ya yi kama da wani. Sannan na bi masu riƙon gida gida ina ba su riguna, ina gaya musu su sa su kwana bakwai kada a wanke, su kuma ba kare ya kwana a kai. Matar Rene ta bi ni da kallo har bakin ƙofa, ta ce shekara arba'in tana yaƙi da warin mutumin nan, yau ga injiniya ya zo da takarda ya ba shi izini.

Gasar a gonakin alkama ake yin ta, kudu da Paris. Nan na yi kuskuren da ya tona ni. Na ce wa uwarku zan je Paris aiki, ta ce ai kuwa ta daɗe ba ta gaida Kawu ba. Muka sauka gidansa gaba ɗayanmu. Da safe na saɓa jakata zan sulale, sai ga Kawu Sanusi a falo cikin farar shadda, babbar riga da hula, makullin mota a hannu.

“Ɗan Malam, ni zan kai ka. Rakiya ta ce kayan 'yan wasa kake yi. Ni ma a zamanina na buga ƙwallo. Ke Rakiya, bar yaran wajen Hajiya ki zo ki ga aikin mijinki.”

Na ce wurin da nisa. Ya ce mota gare shi. Na ce akwai taɓo. Ya ce a filin wasan Faransa? Na shiga mota ina karanta duk abin da na sani. Muka bar gari, muka bar kwalta, muka hau wata hanya tsakanin gonaki, Kawu na ta leƙen inda zai hango filin ƙwallo. Muka tsaya a bakin wata gona inda motoci suka fi talatin, kowace da keji a baya, kowane keji da abin da ke haushi a ciki. Kawu ya sauke gilashi a hankali.

“Mutari, ina 'yan wasan?”

“Ga su nan cikin keji, Kawu.”

Uwarku ta ce, “Zaren gwaji ko? Sabon fitowa.”

Na rantse musu ni yadi kawai na sani, ban taɓa taɓa kare ba, neman halal ne ya kawo ni. Kawu ya ce ba komai, sana'a ce, amma kada Malam ya ji, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Ya fito ya tattare babbar rigarsa ya tsaya a kan wani ɗan dutse. Ina tsaye kusa da shi ina ta yamutsa fuska irin ta mai ƙyama, sai wata karya ta zo ta zauna a kan takalmina ta jingina da ƙafata. Na ture ta, ta dawo. Wani kare ma ya zo ya kwanta ta ɗaya gefen. Uwarku kuwa tana kallona.

Kaya kuwa suka yi aiki, wallahi har na so in yi kuka. Mutanenmu na ratsa alkama ba ka jin motsinsu. Igiya ja ɗaya ta sake. Kowa ya busa ƙahonsa, karensa kaɗai ke juyowa. Uku daga cikinsu suka yi tsayuwar da alƙalai suka yi ta rubutu. Madam Kolet ta matso ta ce mini saura Rene, in ya gama lafiya za a sa hannu yau. Aka saki Filu. Ya yi zarya biyu kyawawa, a ta uku wani ƙaton zomo ya tashi a gaban hancinsa. Yaro ne, jininsa na tafasa, ya manta da duk tarbiyyar da aka yi masa ya bi. Zomon ya miƙe sak ya nufi babban titin da ke ƙarshen gona, inda manyan motoci ke wucewa ba tsayawa. Rene ya busa, iska ta maido masa da busar. Ya sake busawa yana gudu, numfashi ya ƙare masa. Na ji wani a bayana yana cewa da usur na ƙarfen ne da ya ji. In karen nan ya mutu a titi, ƙahona za a ce ya kashe shi, kuma ba mai sake duban rigunana.

Ban yi shawara ba. Da na yi shawara da ban yi ba. Na dai ji na cika ƙirji, na dafe kunne ɗaya, na saki kiran da Baba ke yi in karnuka sun yi nisa a dajin ƙaya, wanda ke farawa daga cibiya ya hau sama ya karye sau biyu. Ban san yana nan cikina ba. Kawu ya zame daga kan dutsensa ya dira cikin taɓo da ƙafa biyu. Karnukan da ke keji suka amsa gaba ɗaya. Filu kuwa, wanda ko kalma ɗaya ta Hausa bai taɓa ji ba, ya ja birki saura taku kaɗan ya hau kwalta, ya juyo ya ɗaga kunne. Na sake saki na biyu, gajere. Ya kwaso da gudu, ya wuce Rene, ya wuce alƙalai, ya faɗo jikina. Ni kuma sai ga ni durƙushe a taɓo da kwat ɗina, na kama kunnensa na ɗan murɗa, na ɗaga ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya ina duba tafin, ina ce masa kai ɗan banza, mai ƙafar iska, wa ya aike ka, shi kuwa yana lasar fuskata tun daga haɓa har goshi.

Na ɗago, sai na ga farar shadda a tsaye a kaina, ta koma ruwan ƙasa har gwiwa.

“Mutari,” in ji Kawu, “a wane littafi Malam ya karantar da kai wannan?”

Kafin in buɗe baki Rene ya iso yana haki, ya rungume karensa, ya rungume ni, ya tambaye ni da Faransanci a gaban kowa ina na koyi wannan kira. Na dubi Kawu, na dubi uwarku. Na gaji, 'ya'yana, gajiya ce kawai, ba jarunta ba. Na miƙe na faɗa da Faransanci, sannan na maimaita da Hausa don kada wani ya ce bai ji ba. Na ce ubana mafarauci ne, shi ne shugaban mafarautan garinmu, a cikin karnuka aka haife ni, kuma rigar nan da igiyar nan da ƙahon nan duk shi ya zaɓa, ni rubutawa kawai na yi. Turawa suka kama tafi. Kawu ya buɗe baki ya rufe, ya sake buɗewa.

“To ni wa ya yi mini addu'ar da aka ƙara mini girma?”

Na ce Liman ne. Ya ce to a ba shi lambar Liman.

An fitar da Filu daga gasa saboda zomo, amma a kan murfin motar Rene aka sa hannu a takardar kaya, Madam Kolet kuma ta ce in zo ranar Litinin in karɓi kontira. A hanyar komawa muka yi ta tafiya har muka hango Paris. Sannan uwarku ta juyo daga gaba.

“Rawani bakwai, Mutari. Rawani bakwai na aika ma bawan Allah nan, da tabarau, shi da ke hango zomo daga bayan gari! Da ka hwaɗi mini gaskiya ai da takalmi na saya mishi.”

Ta yi dariya har da hawaye, Kawu ma ya kama, motar na tangaɗi. Bayan nan ta yi kwana huɗu ba ta yi mini magana ba, kuma ta fi ni gaskiya.

Ranar da aka buga mini hatimi a takardar zama na kira shagon Malam Idi, wannan karon daga cikin falo, uwarku na zaune. Na gaya wa Baba babu wani aboki Bature, ni ne. Ya ce ai ya sani, tun daga usur. Na gaya masa na faɗi sunansa da sana'arsa a gaban surukai da Turawa, an yi masa tafi. Ya ce madalla. Ina jin daɗin kaina, na ce zan aiko masa da kaya cikakku irin na masu gasa, da abin wuya na fata ga kowane kare, ya gaya mini su nawa ne yanzu, karyarsa Durwa tana nan kuwa?

Sai Baba ya ce:

“Ba kare a gidan nan, Mutari.”

Na ce kamar yaya, ciwo ya shiga cikinsu?

“A'a. Ka tuna da 'yan Maradi za su zo ganin gida bayan ɗaurin aure, ka ce in kawar da su kwana uku? Na kai su wajen Ɗan Tani. Da baƙi suka tafi na zauna na yi tunani, na ce yanzu yaron nan ya shiga manyan mutane, wa ya sani ko wata rana wani nasu ya biyo hanya ba sanarwa, ya tarar da malami da karnuka bakwai? Sai na bar masa su. Durwa ce ta ba ni wahala. Sau uku tana tsinke igiya tana dawowa, in tashi da safe in gan ta a ƙofar ɗaki. Na ukun sai na ba wasu Fulani masu wucewa arewa.”

Na lissafa a raina. Shekara tara. Na zo hutu sau uku a cikinsu, na yi waya ba adadi, ban taɓa tambaya ba. Na ce Baba zan saya maka wasu, gobe-goben nan, waɗanda suka fi su. Uwarku ta taso ta tsaya kusa da ni.

“Bar shi, ɗana,” ya ce. “Da can ne nake da ƙafa. Yanzu ko ka kawo kare, ba ni iya bin sa.”